Ya iya rero ƙirga har 50 amma ba ya iya ɗauko cokali biyar, ina mafita?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen iyaye da malaman da ke nan. Yarana biyu, namiji ɗan shekara huɗu da yayarsa mai bakwai. Shi ƙaramin wallahi in kun ji yana rero ƙirga sai kun yi mamaki, daga ɗaya har hamsin ba gargada, haruffa ma haka har da waƙarsu, kuma duk a waya ya koya. Amma ka ce masa jeka ɗauko min cokali biyar, sai ya kwaso iya abin da hannunsa ya kama ya kawo, in na ce to ƙirga mu gani sai ya taɓa cokali ɗaya sau biyu ko ya tsallake wani, bakin na can gaba hannun na baya. Ita kuma babbar nata salon daban ne, da an ce zo a yi aikin gida sai hamma, sai fitsari, sai ƙishirwa, lissafin ragewa kuwa da an zo wajen aro shikenan sai hawaye.

Ina ta ganin bidiyoyin matan da ke koya wa yaransu ta hanyar wasa da aikin hannu, ɗaki guda an ware an jera kayan katako masu kyau a kanta, yaro zaune shiru kamar ba yaro ba. To tambayata, abin nan da gaske yana koyar da wani abu ko dai ɓata gida ne kawai? Kuma dole sai na sayi kayan nan da ake ce wa na Montessori? Ni ma'aikaciya ce, sai yamma nake dawowa a gajiye, ba ni da yini guda da zan zauna ina yanka kwali.

Tsohuwar Malama:

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, lafiyar yaronki ƙalau, na koyar a ƙananan ajujuwa har na yi ritaya kuma irinsa su ne suka fi yawa a aji. Abin da ya iya waƙa ce, ita ma tana da amfaninta, amma ƙirga aiki ne daban. Kafin a ce yaro ya iya ƙirga sai ya gane cewa kowane abu ɗaya lamba ɗaya gare shi, ba a maimaitawa ba a tsallakewa, sannan ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya. Wannan na biyun shi ne iyaye ba sa lura da shi. Gwada ki gani, ki jera masa murafun kwalba huɗu ya ƙirga, da ya gama ki ce to nawa ke nan? In ya koma farko ya sake ɗaya biyu uku huɗu maimakon ya ce miki huɗu kawai, to bai kai wajen ba tukuna. Waya ba za ta ba shi wannan ba don ba abin da yake ɗagawa ya ajiye.

Ki bar hamsin ɗin nan, ki dawo uku. Kwano biyu, ɗaya da murafu ɗaya ba komai, duk murfin da ya ɗauka ya jefa a ɗaya kwanon sai ya faɗi lambar, jefawar ce ke rage wa bakin gudu. In uku ta zauna ki tafi biyar. Kuma ki riƙa juya tambayar, yau ki ce ƙirga waɗannan, gobe ki ce ba ni uku daga cikin tulin nan, na biyun ya fi wuya sosai don sai ya san inda zai tsaya da kansa. Lokacin cin abinci ki ce kowa a ba shi cokali ɗaya da kofi ɗaya, shi zai raba, wannan ma darasin ne ba tare da an kira shi darasi ba.

Wani abu kuma da zai ba ki dariya, ki jera murafu biyar a sama biyar a ƙasa daidai da juna, zai ce ɗaya suke. Ki baza na ƙasan a gabansa yana kallo layin ya yi tsawo, ki sake tambaya, zai ce na ƙasa ya fi yawa. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya yi suna da wannan gwajin, har da na ruwa da ake juyewa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri yaro ya ce ruwan ya ƙaru. Yawanci sai wajen shekara shida zuwa bakwai suke daina faɗawa wannan tarkon. Kar ki yi gardama da shi, ba bayani ke gyara shi ba, yawan zubawa da juyewa da jerawa ne da kuma lokaci.

Maganar sayen kaya kuwa. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, makarantarta ta farko a 1907 ta buɗe ta a wata unguwar talakawa a birnin Rum, San Lorenzo, yaran ma'aikata ne da iyayensu ke fita tun safe su bar su suna gararamba. Cikin abubuwan da yaran suke yi har da shara, wanke hannu, goge tebur, ɓalle maɓalli da saka shi, zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan. E tana da kayan da ta tsara na musamman, kamar haruffan da aka yanka daga samfefa yaro na bin su da yatsa yana faɗin sautin, amma sunan nata yanzu kowa ma liƙa shi yake a jikin abin wasa ya ƙara kuɗi. Harafin samfefa ke ma za ki yanka ki manna a kwali, ko ki zuba yashi a faranti ya rubuta da yatsa, in ya ɓata a girgiza a sake, ba gogewa ba kuka.

Yanzu ga yayar, ita ce ma ta fi damuna. Aro yana sa yara kuka ne don an ce musu ki kashe huɗu ki rubuta uku ki sa ɗaya a gefen can, ba wanda ya nuna musu me aka kashe me aka aro. Samo tsinkaye da yawa, ku zauna tare ita za ta ƙirga goma goma ta ɗaure da kyauro. Sai ki ce ajiye min 43, ɗauri huɗu da tsinke uku a warware. To cire 17. Za ta kai hannu ta cire bakwai ta ga uku ne kawai a warware, a nan ki yi shiru. Ki rungume hannunki ki yi shiru ko da bakinki na ƙaiƙayi. In ta daɗe ki ce a ina za mu samo wasu? Da kanta za ta kwance ɗauri guda, ɗauri ya koma uku, warwararru suka zama 13, ta cire bakwai saura shida, ta cire ɗauri ɗaya saura biyu, 26 ke nan. Sai a lokacin ki ɗauko littafin ki nuna mata huɗun nan da malama ke kashewa ta rubuta uku, ɗaurin da kika kwance ne. Haka tsarin koyar da lissafi na ƙasar Singafo yake tafiya, abu a hannu tukuna, sannan zanensa a takarda, sannan lamba zalla, kuma daga aikin Jerome Bruner, wani masani ɗan Amurka, na shekarun 1960 suka samo shi.

Baban Uku:

Mama Allah ya saka da alheri, na ƙaru da maganar ɗaurin nan. 'Yar uwa ni ba malami ba ne gyaran kayan lantarki nake yi, amma ga abin da nake yi da nawa ranar hutu. Doka ɗaya ce gare ni, kafin a yi komai sai kowa ya faɗi me yake zaton zai faru, in ba haka ba abin ya zama sihirin baba, a yi ihu a tafa a watse ba a koyi komai ba.

Baho da ruwa, kowa ya zagaya gida ya kawo abu, a tambaya zai nutse ko zai yi iyo, a raba gida biyu kafin a jefa. Da wuri za su yanke hukunci wai ƙarfe nutsewa yake, sai in jefa ƙusa ta nutse su ce ka gani, sai in ɗora kwanon ƙarfe wanda ya ninka ƙusar nauyi ya zauna a saman ruwa abinsa. A nan ake samun musu mai daɗi, kuma ba na saurin raba gardamar. Ƙwai ma haka, a ruwa zalla zai nutse, a yi ta zuba gishiri ana juyawa har ya taso, don ruwan gishiri kofi da kofi ya fi ruwa zalla nauyi. Maganaɗisu kuma su bi gida suna gwadawa, zai kama ƙusa ya ƙi kama gwangwanin alminiyam da wayar jan ƙarfe, ashe ba kowane ƙarfe ba. Sanda a kafa a rana, a zana ƙarshen inuwarta da alli da safe, da tsakar rana, da yamma, babbar taki za ta iya aunawa da rula ta rubuta, kin ga lissafi da rubutu sun shigo ta bayan gida ba ta sani ba. Ƙwayar iri kuma a sa a kofin gilashi da jiƙaƙƙiyar auduga a jikin gilashin yadda za a gani, saiwa ce ke fara fitowa kuma ko ya aka kwantar da ƙwayar ƙasa take nufa. A yi kofi biyu ɗaya a taga ɗaya a cikin kabad mai duhu, na duhun zai fito dogo siriri fari fat. Tsohuwar tocila da ta mutu na ba su da sukundireba su kwance, ba na tsammanin su mayar.

Sai dai dan Allah a kula, wannan a bakin aikina nake faɗa. Ƙaramin batir ɗin nan mai kamar maɓalli na agogo da rimot da wasu kayan wasa, in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙoshi cikin awa biyu yana iya ƙona wajen, asibiti ake garzayawa da shi nan take ba a jira a gani. Ƙananan maganaɗisu ma in aka haɗiye biyu suna jan juna ta jikin hanji su huda shi, a ba yara babba wanda ba ya shiga baki. In akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu na banɗaki to zai iya shaƙe shi. Ruwan baho kuma ko kaɗan ne ba a barin ƙaramin yaro da shi a je ɗauko waya, a zubar da an gama.

Mai Kallo Daga Gefe:

Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ba na ce abin banza ne ba amma an fara wuce gona da iri, yanzu in ka ce yaro ya haddace jadawalin sau sai a kalle ka kamar mugu. Akwai abubuwan da yaro ba zai taɓa ganowa da kansa ba ko zai shekara yana wasa da yashi. Cewa wannan alamar ita ce b kuma ga sautinta, mutane ne suka yarda a kan haka, sai an faɗa masa an maimaita an sake maimaitawa. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun yi rubutun da ya jawo muhawara sosai a kan cewa sakin ɗalibi sabon shiga ya gano abu da kansa ba tare da ja-gora sosai ba bai kai koyarwa kai tsaye amfani ba. Haka zancen da ake yawo da shi wai kowane yaro da salonsa, wannan na ido ne wannan na kunne wannan na hannu, a koya masa ta nan kawai, an gwada an kasa samun hujjar da ta tsaya. Kuma bidiyoyin da kike gani Hajiya minti ɗaya ne aka yanko, ba a nuna miki inda yaron ya watsar da kayan ya tafi, kuma rabinsu uwar ce ta yi aikin da daddare yaro ya zo ya liƙa abu biyu a ɗauki hoto. Yarinyarki jarrabawa da biro za ta rubuta, ba za a bar ta shiga da tsinke ba.

Anti Mai Aikin Dare:

Hhhh Mai Kallo ka faɗi gaskiya a kan bidiyon nan wallahi. Maman Biyu ni ma aiki nake har da na dare, don haka ban ware wani lokaci ba, aikin da dole sai na yi shi nake jawo su ciki. An kwashe shanya, ƙaramin ya haɗa safa da 'yar uwarta, ya ware kayan kowa, babbar ta ninke tawul biyu ta sake ninkawa in ce yanzu gida nawa ya zama, rabi da kwata ke nan tun kafin a zo kansu a makaranta. Zan auna abu a kicin, ita ke riƙe kofin awo, in ce yau ninki biyu za mu yi to kofi ɗaya da rabi ya koma nawa. Jerin abin da za a sayo ita ke rubutawa ina faɗa, yarinyar da ba ta son rubutu za ta rubuta wannan don ta san da gaske za a yi amfani da shi, kuma kar ki tsaya gyara mata kowane harafi a lokacin. Aikin zai fi ɗaukar lokaci kam, abin da za ki yi a minti biyar sai ya ci sha biyar, wannan shi ne kuɗin da za ki biya.

Ɓata gida kuma tsohon zani ko babbar leda nake shimfiɗawa, komai a kai, kuma kwashewa na cikin wasan, wanda bai kwashe ba gobe babu. Almakashi marar tsini da tsofaffin takardu ki ba ɗan huɗun ya yi ta yanka, da fegin shanya yana matsawa yana maƙalawa a bakin kwano, yatsun da zai riƙe fensir ne ke ƙwari. Ƙullin wasa ma ba sai kin saya ba, kofi biyu na fulawa, ɗaya na gishiri, ruwa kusan kofi ɗaya kina zubawa kaɗan kaɗan, amma a hana ci don gishirin ya yi yawa.

Sai wayar. Ban ce ki ƙwace gaba ɗaya ba, don za a yi yaƙi, amma Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kar zaman kallon allo ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi, kuma ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki. Yaron da ya taso daga katun yanzun nan ba zai kalli murfin kwalba ba, ki yi naki wasan kafin a kunna.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Mama na gwada na tsinken da yayar, wallahi da ta kwance ɗaurin sai ta ɗago ta kalle ni ta ce au dama shi ne aron? Amma yanzu kowane lissafi sai ta ce a kawo tsinke, shi ne maganar Mai Kallo ta tsaya min a rai. Shi kuma oga ƙarami ya jefa murfi uku ya kife kwanon a kansa ya ce hula ce, aka tashi.

Tsohuwar Malama:

To ai ya jefa uku, ya isa na ranar. Ɗan shekara huɗu 'yan mintoci ne hankalinsa ke zama a abin da wani ya zaɓa masa, ki tashi tun yana so kar ki jira ya gundura. Gobe ki bar kwanon ya zama hular, ki ce mai hula sayar min da murfi biyu. In motoci yake so a ƙirga motoci a faka su a gareji mai lamba, in tsalle yake so ki zana gidaje da alli a ƙasa ki ce tsallaka uku.

Ɗana Mai Kallo ban ƙi taka ba, kuma abin da na faɗa ba sakin yaro ba ne, ni na zaɓi 43 da 17, ni na san inda za ta maƙale, ni na yi tambayar da ta buɗe mata. Shirun da na ce a yi na ɗan lokaci ne ba na har abada ba, in ta kasa a nuna mata ƙarara. Sautin haruffa faɗa ake yi, jadawalin sau ma a haddace shi, sai dai yaron da ya taɓa jera murafu layi uku kowane layi huɗu ya ga 12 da idonsa, ya juya su ya ga huɗu sau uku ma 12 ne, in hadda ta kuɓuce masa a jarrabawa yana da hanyar dawowa.

'Yata tsinken kuma janye shi ake yi a hankali. Ki bar ta da shi kwana kaɗan amma da sharaɗi, duk abin da hannu ya yi sai ta rubuta a littafi a lokacin, ta kwance ɗauri ta kashe lambar, ta ƙara goma a warwararru ta rubuta. Daga nan ki ce yau tsinke na hutawa zana su za mu yi, dogon layi ɗauri, ɗigo warwararre, wannan ko a gefen takardar jarrabawa za ta iya yi ba mai hana ta. Sannan ki ajiye tsinken a inda take ganinsa ki ce yi da ka tukuna, in kin gama ki duba da tsinke ko daidai ne, ita za ta yi wa kanta maki. Ranar da ta ce miki tsinken nan ɓata min lokaci yake to an gama da shi a wannan darasin, amma kar ki zubar, in aka shiga ɗaruruwa za ku ɗaure ɗauri goma wuri ɗaya da babban kyauro, kuma ki fara mata da irin 302 a cire 8, inda gidan goma ba komai sai ta kwance na ɗarin tukuna.